Kwanon Baba Ilu

Abin da ya fara tarbata a Wudil ƙarnin kifi ne da ƙaryar dillali. Motar Kano ta sauke ni a bakin gada da rana tsaka, akwati a ka, ban san kowa ba. Kafin in gama waige-waige wani mutum mai hula a karkace ya karɓe akwatin, wai shi sana'arsa ke nan, samar wa ɗalibai ɗaki. Da ya ji bakina sai ya washe haƙora ya ce, "Au, 'yar Nijar ce! Ai ku 'yan'uwanmu ne." Tun daga ranar, duk wanda ya fara mini da 'yan'uwantaka sai in ƙara damƙe jakata. Ya kai ni Sabon Gari, ya nuna mini ɗaki, ya rantse akwai ruwa akwai wuta. Wutar dai wata waya ce da ta leƙo daga sama babu ƙwan fitila. Ruwan kuwa sai da damina ta faɗi na gan shi, ta rufin ɗakin, daidai kan katifata.

Sunana Ramatu, daga Damagaram na zo, karatun abinci da gina jiki ya kawo ni jami'a. Na baro 'yata Nana a hannun mahaifiyata, yaye ta ke nan, babanta kuwa ya rasu tun tana ciki. Karatuna na baya da Faransanci na yi shi, a nan kuwa Ingilishi ake zubawa babu birki, don haka shekarar farko kamar kurma na yi ta a aji. Rannan na yi suɓul da baka na ce zan tafi lakkwal, yadda muke kiran makaranta a gida, ajin ya kwashe da dariya, sunan kuma ya bi ni har na gama. Na daure. Na haddace sinadaran wake da na ƙwai, na haddace farantin nan da malamai ke zanawa a allo, a raba shi gida-gida: nan ganye, nan nama, nan ɗan tuwo. Ko daga barci aka tashe ni zan zana shi.

Hutu ba kullum nake iya zuwa gida ba, sai dai waya. A shekarar ƙarshe na kira, Inna ta miƙa wa Nana, na ji yarinyar ta ce, "Tanti Ramatu ce?" Inna ta yi dariya ta ce yarinta ce, ni kuwa da na ji 'yar cikina ta kira ni tanti, wato gwaggo, na ajiye wayar na yi kuka mai isata. Na ƙudurta a raina bana zan koma, ko ana ha-maza-ha-mata.

A wannan shekarar ce Dakta Lawan, mai kula da aikin fili, ya dawo daga wani taro da sabuwar magana a bakinsa: sakamakon koyo. In ya shigo aji sakamakon koyo, in zai fita sakamakon koyo.

"Mun gaji da yaye aku," in ji shi. "Ku haddace, ku juye a takarda, ku manta. Bana abin da kuka iya za mu auna. Kowa za a ba shi majiyyaci guda a ƙauye. Za mu ga yadda kuke awo, za mu ga yadda kuke ba da shawara, amma maki mafi tsoka yana kan canjin da za a gani a jikin majiyyacin, canji mai ɗorewa. Farfesa za ta zo daga wata jami'ar ta duba da idonta. Wanda ya faɗi, sai baɗi."

Maganar gaskiya, dabarar ba ta da laifi. Amma ni abin da na ji shi ne, an ɗauki komawata gida an zuba a cikin jinin wani mutum da ban taɓa gani ba.

Mutumin shi ne Baba Ilu na Ɗankaza, manomi, dogo, mai ciwon suga. Ranar farko ɗan acaɓa ya bi da ni ta cikin gonakin dawa, ya zuba ni a rami, ya tashe ni, ya ce hanyar ce haka. Na isa da taɓo har gwiwa. Baba Ilu yana zaure, muka shiga gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya damina, ya karatu, ya baƙunta, ya mutan Nijar, ya aka baro su da ruwa. Sai da muka gaida kowa har shanu, sannan ya dube ni ya ce, "To 'yata, ke ce aka turo ki raba ni da tuwo?"

"A'a Baba, rage shi kawai za mu yi."

"Haka mai aski ma yake cewa."

Na huda masa yatsa da 'yar na'urar gwajin suga, abin da na gani ya sa na sake gwadawa. Ya ce ƙishirwa ba ta barinsa, fitsari ba ya barinsa barci, tafin ƙafarsa kuma kamar ba nasa ba. Da ya ji ina da 'ya a gida sai ya ce ai ya samu amarya ke nan, in gaya mata ta fara koyon tuƙa tuwo.

Matarsa Inna Asabe ce ta fi ba ni ƙwarin gwiwa. Mace ce mai tsafta da saurin ɗaukar magana. Muka zauna a madafa na nuna mata komai: malmala kada ta wuce dunƙulen hannunsa, a bar tuwon shinkafa, a riƙa sirka dawa da wake, miya ta cika da zogale da rama, manja kaɗan, fura babu sukari. Duk zuwan da zan yi sai in tarar ta yi daidai, har ta ware masa wani kwanon sha da take awon garinsa da shi. Na riƙa yi wa 'yan ajinmu fankama, ina cewa ni nawa majiyyacin a aljanna aka zaɓo mini shi.

Suga kuwa ya ce bai san zancen ba. Mako ya bi mako, na huda, na duba, yana nan inda na same shi. Wata rana ma har ya ɗan haura, kamar da gayya.

"Baba, kana cin abin da Inna ta dafa kuwa?"

"Ina ci mana."

"Ba ka sha shayi a kasuwa ba? Rake fa?"

"Wallahi tun da kika hana ban kusance su ba."

Na zargi na'urar, na aro wata. Na zargi maganin da aka ba shi a asibiti, na duba, lafiyarsa lau. Na zargi Inna Asabe a zuciyata, Allah ya yafe mini, na riƙa faɗo mata ba sanarwa ina buɗe tukunya. A ajinmu kuwa kowa na ba da labarin nasara. Wata ma majiyyacinta har ya fara hana maƙwabta shan lemo. Dakta Lawan ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Lakkwal, ina sakamako?" Ji na yi kamar in kwaɗa masa na'urar.

Amsar a bakin hanya ta tare ni. Na fito daga gidan bayan azahar ina jiran abin hawa, sai ga wani dattijo gajere mai tumbi ya tsaya a gabana, fartanya a kafaɗa. Bayan gaisuwa ya ce shi ne Malam Tanko, maƙwabcin Baba Ilu, tare suka tashi.

"Ke ce yarinyar da ta lalata tuwon gidan Malam Ilu?"

"Na lalata kuma, Baba?"

"Ƙwarai kuwa. Da can in aka buɗe kwanonsa unguwa take ɗauka. Yanzu fa? Malmala kamar ƙwan zabo, miya ganye zalla sai ka ce akuya za a ba. Ki ji tsoron Allah, 'yar nan. Mu da muke ci mu muka san abin da muke gani."

Na ce, "Ku kuke ci?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko rana daga gabas take fitowa. Ashe dattawan layin ciyayya suke yi. In an idar da magariba kowa ya fito da kwanon gidansa, a shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar ƙofar masallaci, a buɗe kwano ɗaya a cinye tare, a jawo na gaba. Da rana ma a gona haka suke yi. Abincin da na auna da kwanon sha, na ƙididdige, na yi wa addu'a, loma biyu ko uku Baba Ilu yake samu a ciki. Sauran cikinsa da tuwon shinkafar gidan Malam Tanko yake cika shi, da dambun wancan gida, da taliyar wancan, a kora da fura mai sukari.

"Amma fa ba zan ɓoye miki ba," in ji Malam Tanko, "tun da aka fara ganyen nan cikina ya daina ƙugi."

Wato ina ta jinyar mutumin da ba a ba ni ba.

Ba wai ban san ciyayya ba. Kakana yana yi a ƙauyenmu, ina ƙarama ni nake kai masa kwano. Amma shekara da shekaru ana zana mini farantin mutum ɗaya a allo, har kaina ya ɗauka haka duniya take ci. Kullum kuma da hantsi nake zuwa, in shige wajen mata, in fito kafin la'asar saboda hanya. Tabarmar maza ban taɓa ganinta ba. Shi kuma Baba Ilu bai yi mini ƙarya ba ko sau ɗaya. Na tambaye shi ko yana cin na gidansa, yana ci. Takaici ya hana ni hawa acaɓa, da ƙafa na yi rabin hanya ina magana ni kaɗai.

Washegari na sami Dakta Lawan a ofis na zayyana masa komai. Na ce a bar ni in haɗa duk gidajen layin, a auna ni a kan haka.

"Abin sha'awa ne," in ji shi. "Amma ɗalibi ɗaya, majiyyaci ɗaya. Haka aka tsara, haka aka aika wa Farfesa."

"Malam, mutumin nan ba shi kaɗai yake ci ba."

"Mutum aka ba ki, ba unguwa ba. In na canza miki, kowa zai zo da nasa labarin. Ki sa shi ya ci nasa kawai mana, mene ne abin wahala?"

Mene ne abin wahala! Shi da yake cin shinkafarsa a ofis, ƙofa a rufe, cokali a hannu.

Na ce bari in gwada da kaina. Na shiga gidan Malam Tanko da sallama da fara'a, na fara yi wa matarsa bayanin shinkafa da manja. Ban kai ko'ina ba ta ajiye muciya.

"Tsaya, 'yar nan. So kike ki ce tuwona ne ya sa wa Malam Ilu ciwo?"

"A'a Inna, ba haka nake nufi ba."

"Tun kafin a haifi uwarki yake cin tuwon gidan nan. Yau ne za a zo daga Nijar a ce ina zuba masa wani abu?"

Kafin in kai gida na gaba labari ya riga ni. A nan ko tabarma ba a ba ni ba. Na koma wajen Inna Asabe na zauna a bakin murhu, ban san lokacin da hawaye ya ɓalle mini ba. Na gaya mata komai: zuwan Farfesa, maimaita shekara, da Nana mai ce mini tanti. Ta miƙo mini ruwa a moɗa, ta ci gaba da tsince zogale. Da zan tafi ta ƙulla mini gyaɗa a leda ta ce, "Allah yana nan, Ramatu."

Zuwana na gaba suga ya sauka. Na bayansa ya ƙara sauka. Baba Ilu ya ce yanzu yana barci har asuba, ƙishirwar ma ta yi sauƙi. Na yi murna har na yi wa ɗan acaɓa hira a hanya. Amma fuskar tsohon ba ta yi mini ba. Zolayar ta ragu, amarya ma sai na ambace ta yake tambaya. Malam Tanko kuwa in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice ya wuce.

Na tsare Inna Asabe a madafa. Ta ce, "Ai tun ranar da kika yi kukan nan na gaya masa. Ya daina fita da kwano. In an idar da salla sai ya shigo zaure ya ci shi kaɗai."

"Shi kaɗai?"

"Yana jiyo hirarsu ta katanga. Wani lokacin sai in ga ya tsaya da loma a hannu yana saurare."

Na same shi na ce, "Baba, ban ce ka bar abokanka ba."

"Ba ki ce ba."

"To me ya sa?"

"Ke dai huda yatsan nan ki duba, kada ɗan acaɓanki ya gaji."

Abin ya dame ni ƙwarai. Mutumin da tun yana saurayi bai taɓa sa hannu a kwano shi ɗaya ba, ga shi a zaure kamar mai takaba. Kuma in faɗi gaskiya, na'urar tana nuna abin da nake so, Nana tana jirana, ga Farfesa a hanya.

Ranar awo motar jami'a ta kawo mu Ɗankaza, yara suka biyo ta a guje. Farfesa dattijuwa ce mai sanyin murya, ta gaisa da mutanen gida yadda ya kamata, na ji ta kwanta mini. Ta sa na yi awo a gabanta, ta sa na yi wa Inna Asabe bayani tana saurare, ta buɗe tukunya ta leƙa. Sannan ta juya ga Baba Ilu, wanda ya sha babbar riga kamar ranar Juma'a.

"Malam, yaya ka ji da sabon tsarin abincin?"

"Alhamdu lillahi, Hajiya. Yarinyar nan ta san aikinta."

"Za ka ci gaba da shi ko bayan ta tafi?"

"Komai ai sai Allah ya yarda."

Ta gyaɗa kai ta yi rubutu. Ni kuwa na san irin wannan amsar, a gidanmu ma ana yin ta. Na kasa haƙuri na ce, "Ranki ya daɗe, akwai abin da ya kamata ki sani. Baba ciyayya yake yi da maƙwabtansa. Sugan bai sauka ba sai da ya bar tabarmarsu ya koma ci shi kaɗai."

Dakta Lawan ya zaro mini ido ta bayan Farfesa, yana yi mini alama da hannu in yi shiru.

"Madalla," in ji Farfesa. "Kin gano abin da ke hana canji, kin kuma kawar da shi. Abin da muke nema ke nan."

"Ba ni na kawar ba, ranki ya daɗe. Kuma abokansa ne."

"Kada ki rage wa kanki, 'yata," ta ce tana murmushi, ta rufe alƙalami.

A mota Dakta Lawan ya ce saura kaɗan in yi wa kaina ɓarna da surutu. Da sakamako ya fito, ni ce kan gaba a aikin fili. A gaban aji ya kira sunana, na gaskiya ba Lakkwal ba, ya ce ga misalin canji mai ɗorewa, kowa ya yi koyi. Aka tafa mini. Ban taɓa jin tafi ya ba ni haushi irin na ranar ba.

Ana gobe zan bar Wudil na tafi sallama. Wannan karon da yamma na je, na ce wa ɗan acaɓa ya jira ni ko zai yi tsiro. Muka yi hira da Inna Asabe har aka kira magariba. Da aka idar Baba Ilu ya shigo zaure, carbi a hannu, ya zauna.

"To 'yata, an ci?"

"An ci, Baba. Ni ce ta ɗaya."

"Alhamdu lillahi. Hajiyar nan mai rubutu ba za ta dawo ba?"

"Ba za ta dawo ba."

"Babu mai sake zuwa ya huda ni?"

"Sai dai a asibiti, kuma don Allah ka riƙa zuwa."

"To madalla." Ya miƙe, ya leƙa cikin gida ya ɗaga murya. "Ke, miƙo kwanon nan!"

Na bi bayansa zuwa bakin zaure na tsaya. Ga tabarma a gindin dalbejiya, ga dattawa sun kewaye kwanuka. Malam Tanko ya hango shi tafe da kwano, ya gyara zama ya buɗa masa wuri, daidai inda tabarmar ta ɗan lotsa.

"Yarinyar ta ci," in ji Baba Ilu.

"Kai, barka, barka!" suka ɗauka gaba ɗaya. Ashe duk sun sani. Malam Tanko ya ɗago hannu ya ce, "Barka, 'yar Nijar. Mun ba ki aronsa, kin gama, to mun karɓi abinmu. Ganyen nan ma a ci gaba da kawowa, mun saba."

Ya jawo kwanon gidansa ya buɗe. Tuwon shinkafa ne fari sol, manja yana yawo a kan miya. Na buɗe baki zan ce dunƙulen hannu ɗaya, na tuna barcinsa da ya dawo, na tuna ƙafarsa. Sai na ga yadda ya naɗe hannun riga, yana dariyar wata magana da ban ji ba, irin dariyar da rabona da ita tun ranar da na yi kuka a madafarsa. Na haɗiye maganar. Haushi nake ji, da tsoro, da godiyar da ban san inda zan ajiye ta ba.

Ɗan acaɓa ya matsa oda. Na ce, "Baba, zan tafi. Don Allah a riƙa fara cin naka, na Malam Tanko a taɓa kaɗan."

"Mun ji, likita," in ji Malam Tanko da loma a baki.

Baba Ilu ya wanke hannu a ƙwarya, ya waiwayo ya dube ni.

"Allah ya kiyaye hanya, Ramatu. Ki gaida amaryata. Ki ce na sako mata uwarta."

Ya yi bisimilla, ya sa hannu a kwanon Malam Tanko.